Tabar lofe a hanya: me ke hana ta bushewa, me ke sa ta fumfuna?

Danjuma:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masana. Mutum ne zai yi tafiyar kwana goma zuwa sati biyu, wani ɓangaren a mota, wani a jirgin sama, yana kuma so ya tafi da tabar lofe kala biyu: Bajiniya, wato taba mai hasken ganye da ɗan zaƙi, wadda aka danne aka yanka falle-falle, da gauraye mai Latakiya, baƙar tabar da ake busarwa da hayaƙin itace. Wane mazubi ne ya fi riƙe danshi da ƙanshi? Jakar fata ta isa, ko sai an ɗauki gwangwanin gaba ɗaya? Sannan dole ne a saka abin ƙara danshi a ciki?

Malam Iro:
Wa alaikumus salam. Kafin a zo kan mazubi a fara lissafa yawan tabar. Matsakaicin lofe yana cin giram 2 zuwa 3 a cikawa ɗaya. Mai cika uku a rana zai ci giram 6 zuwa 9, kwana goma ke nan giram 60 zuwa 90, wato gwangwani biyu masu giram 50 sun kai shi sun dawo da shi. Abin da ya wuce haka kaya ne kawai za a wahalar a hanya.

Sai a raba ta gida biyu, ta ajiya da ta aljihu. Ta ajiya tana cikin mazubin da iska ba ta shiga, a tsakiyar akwati, ba a taɓa ta sai bayan kwana biyu ko uku. Ta aljihu kuwa giram 15 zuwa 20 ne a 'yar jaka, ita ake buɗewa kullum. In ta aljihu ta bushe, kaɗan aka rasa. Jakar fata ta isa ga ta aljihu, amma ba za ta riƙe taba sati biyu ba. Dalilin rabawar shi ne duk buɗewa ɗaya tana fitar da iska mai laima ta shigo da busasshiya.

Injiniya Sani:
Malam Iro, na yarda da rabawar, amma dalilin da kuka kawo yana buƙatar gyara, domin shi ke sa mutane tsoron buɗe kwalba su manta da inda ɓarnar take. Iska a zafin digiri 25 na Salshiyas, ko ta ƙoshi da laima, ruwan da take ɗauka bai wuce miligiram 23 a lita ɗaya ba. Kwalba mai mililita 240 da aka cika rabi da taba, iskar da ke samanta ba ta riƙe da abin da ya kai miligiram 3. Ita kuwa taba giram 50 mai danshi kashi 15 cikin 100, ruwan jikinta giram 7 da rabi ne. Ko sau ɗari aka buɗe aka rufe nan take, ba a rasa rabin giram ba.

Ruwan yana tafiya ne ta hanya biyu. Ɗaya, mazubin da ke yoyo dare da rana ba tare da an lura ba. Biyu, barin murfi a buɗe ana cika lofe, ana kunnawa, ana hira, iska tana wucewa ta kan tabar. Minti goma a buɗe a gaban fanka ya fi buɗewa hamsin ɓarna. Saboda haka abin dubawa shi ne zoben robar murfi da kuma hannun mai rufewa.

Malam Iro:
Lissafin ruwa daidai ne, Injiniya. Amma ba ruwa kaɗai ke fita ba. Ƙanshin da ke bugun hanci in an buɗe gwangwani mai ne mai saurin tashi, kuma shi ba ya dawowa ko an mayar da danshi. Gauraye masu ɗanɗanon da aka fesa musu daga baya su suka fi asarar wannan. Don haka rabawar tana nan da amfaninta.

Baba Audu:
Ku duka biyun kuna kan hanya. Bari a bi mazuban da kansu, don shi ne abin da yaron ya tambaya.

Kwalbar gilashi irin ta Mason, mai murfin ƙarfe gida biyu da roba a gefen faifan, babu abin da ya kai ta. Gilashi ba ya shan ƙanshi, ba ya barin ruwa ya ratsa. Ta mililita 120 mai faɗin baki ta fi dacewa da tafiya: tana ɗaukar kusan giram 30 na siririn yanka in an ɗan danna, mai falle kuma ta ɗauki fiye da haka. Aibinta nauyi da fashewa, sai a zura ta cikin safa mai kauri a sa tsakanin tufafi. Kafin a rufe a goge bakin kwalbar da yatsa. Ɗan ɓurɓushin taba guda a kan robar ya isa ya buɗe wa iska hanya, kuma wannan ne ke sa a ce kwalba ba ta aiki alhali laifin ba nata ba ne.

Gwangwanin kamfani kuwa, muddin ba a fasa shi ba, a tafi da shi haka, a buɗe a can. Da zarar an ji wannan 'yar ƙarar shigar iska, labari ya sauya. Mai zagaye da murfin murɗawa yana iya riƙe taba sati biyu ko uku in ana matse shi sosai. Mai kusurwa huɗu murfinsa zama kawai yake yi a kai, cikin 'yan kwanaki gefen tabar ya fara ƙandarewa. Irin na Amurka mai buɗewa da zobe, wanda ake mayar wa murfin roba a sama, shi ma ba na dogon zango ba ne. Duk wanda aka buɗe cikinsu, a bar takardar ciki a danne tabar da ita, a ɗaure murfin da robar ɗaure kuɗi guda biyu a gicciye, sannan a jefa shi cikin jaka mai rufewa.

Danjuma:
Na gode Baba. To ledar nan mai zif fa? Ita ce ta fi sauƙin ɗauka.

Garba:
Danjuma, leda iri biyu ce, kada a haɗa su. Farar leda mai zif wadda ake ganin abin da ke ciki, ruwa yana ratsa ta a hankali, ƙanshi kuma da sauri. Gwajin mai sauƙi ne: a zuba Latakiya a rufe, a shinshina bayan ledar bayan awa ɗaya. In hanci ya ji, to fita take yi. Mai kaurin da ake yi don firiza ta ɗan fi, a ninka biyu ta kai kwana huɗu ko biyar, shi ke nan.

Wadda ta dace ita ce jakar Mylar mai shimfiɗar alminiyam a tsakiya. A ɗaga ta a haska tocilan waya daga ciki: in haske ya ratso, fentin ƙarfe ne kawai aka yi mata, in bai ratso ba, ta gaske ce. Masu taga a gaba ba su da amfani a nan, domin tagar leda ce. Yadda ake yi:

A auna giram 15 zuwa 20 a kowace ƙaramar jaka, abin kwana biyu ko uku. A kakkaɓe ɓurɓushi daga ramin zif ɗin, a kwantar da jakar a matse iska da tafin hannu, a ja zif. Sai a liƙe leɓen da ke saman zif da dutsen guga mai matsakaicin zafi, daƙiƙa biyu zuwa uku, a kan gefen katako. A rubuta sunan tabar a jiki. Tafiyar kwana goma jaka huɗu ko biyar ke nan, kowacce a rufe take ruf har ranar da za a yage ta.

Abu biyu ke lalata Mylar. Ninkewa a wuri ɗaya sau da yawa yana fasa alminiyam ya bar ƙananan huji da ido ba ya gani. Sannan kada a zuƙe iska da inji, domin yana murƙushe siririn yanka ya koma gari, ya kuma manne fallayen Bajiniya har ba sa rabuwa sai sun karye.

Lawal:
Ni a ganina duk wannan wahalar ana rage ta da fakitin Boveda guda. Ruwan gishiri ne a cikin takarda mai barin tururi ya wuce, yana bayarwa in iska ta bushe, yana sha in laima ta yi yawa. Akwai na kashi 58, 62, 65, 69, 72 da sauransu, wato yawan laimar da yake riƙe iskar mazubi a kai, cikin 100. Na tabar lofe 58 ko 62. Ƙaramin mai giram 8 ya isa kimanin giram 30 na taba. Na 69 da 72 na sigari mai kauri ne, in aka sa wa tabar lofe za ta jiƙe ta ƙi kamawa, ta tara ruwa a gindin lofe, ta kuma ƙona harshe saboda tururi.

Baba Audu:
Lawal, ban hana ba, amma a faɗa wa mai tambaya gaskiya: a mazubin da ya rufe sosai, taba ba ta buƙatarsa, ruwanta na nan inda yake. A mazubin da ke yoyo kuma, fakitin zai yi ta ciyar da iskar waje har ya ƙandare cikin ɗan lokaci. Wurinsa ɗaya ne, 'yar jakar aljihu da ake buɗewa sau da yawa a busasshen wuri. Kuma ya danganta da irin tabar. Gauraye masu ƙanshi da aka yi da baƙar Kabendish, tabar da aka turara har ta yi baƙi, galibi an riga an sa musu sinadarin riƙe danshi, furofilin gilaikol, suna iya sati a jaka ba su bushe ba. Ƙara musu laima ɓata su ne.

Lawal:
Haka ne Baba, kun yi gaskiya kan masu ƙanshi. Amma mai sauka daga jirgi ya shiga ɗakin da na'urar sanyi ko ta ɗumama ɗaki ke aiki dare da rana, jakar aljihunsa ba za ta kwana biyu ba. A nan fakitin 62 yana biyan kuɗinsa. Alamar ƙarewarsa kuwa a yatsa take, in ya daina laushi ya fara ƙaras-ƙaras, a sauya.

Malam Iro:
Akwai abin da ya fi fakiti tasiri kuma ba a saye, shi ne irin yankan. Taba tana bushewa ne ta fuskar da ke taɓa iska. Yanka siriri sosai shi ke fara bushewa, sai yankan ƙyalle na yau da kullum, wanda ya ɗan fi shi faɗi, sai mai falle, sai dunƙulen da ba a yanka ba, wanda zai yi makonni cikinsa na nan da laushi. Danjuma, kada ka murje Bajiniyarka a gida don sauƙin cikawa a hanya. Ka tafi da ita a fallenta, a jere kamar yadda ta zo, ka murje na cikawa ɗaya in lokaci ya yi. Falle ɗaya ko ɗaya da rabi ya cika lofe.

Yawancin mai falle ma da danshi fiye da kima take zuwa, sai an baza ta a takarda minti 10 zuwa 30 kafin a cika. Wannan lokacin yana sauyawa da wurin da aka sauka. A busasshen wuri minti biyar ya isa, in an bar ta rabin awa ta koma ƙirare. A wuri mai laima, gefen teku ko lokacin ruwan sama, bazawar ba ta busar da komai, wani lokaci ma ƙara sha take yi, sai a baza ta a ɗakin da ke da na'urar sanyi.

Gwajin danshi kuwa da yatsa uku ne. A tsunkulo a matse a saki. In ta dunƙule ta zauna haka, ruwa ya yi yawa. In ta kakkarye ta zube gari, ta bushe. In ta buɗe a hankali ta warware ba ta karye ba, ta yi daidai.

Injiniya Sani:
Bari in ƙara kan jirgi da mota, don nan ne abin ke lalacewa ko mazubi na da kyau.

A cikin jirgi laimar iska takan sauka zuwa kashi 10 zuwa 20 cikin 100, kuma matsin iskar ciki daidai yake da na tsaunin mita 1,800 zuwa 2,400, wato kusan kashi uku cikin huɗu na matsin ƙasa. Gwangwanin da aka zuƙe wa iska, matsin waje ne ke danne murfinsa. In matsin ya ragu, riƙon ya yi sako-sako, mai raunin roba yana iya sakin murfi, musamman mai kusurwa huɗu. Kafin tafiya a zagaye bakin murfin da tef na lantarki, bayan sauka kuma a gwada ɗaga shi da farce. In ya motsa, an san ya buɗe, sai a fara shan wannan. Jakar Mylar da aka bar wa iska da yawa za ta kumbura ta ja zif ɗinta, shi ya sa Garba ya ce a matse kafin a liƙe.

Mota ta fi jirgi haɗari. Motar da aka ajiye a rana da gilasai a rufe, cikinta yana iya wuce digiri 60. Zafin yana fitar da ruwa daga ganyen zuwa iskar kwalba, in dare ya yi ko aka shiga ɗaki mai sanyi, tururin ya koma ɗigo a jikin gilashi ya gangaro ya jiƙa gefe guda. Jimillar ruwan ba ta ƙaru ba, amma yanzu tsakiya a bushe, gefe sharkaf, kuma daga wannan gefen fumfuna ke farawa. Don haka ba a barin taba a akwatin gaban mota, ko kan allon gaba, ko but ɗin motar da za ta yini a rana. In aka ga raɓa a jikin kwalba, a juye tabar a takarda mai tsabta, a goge kwalbar ta bushe, a cakuɗa tabar, a bar ta minti 15 zuwa 20, a mayar.

Firjin ɗakin otal ba magani ba ne, irin wannan raɓar yake jawowa, ga warin abin da ke ciki. Kwalbar da ta fito daga wuri mai sanyi sosai, a bar ta awa ɗaya ta ɗauki zafin ɗaki kafin a buɗe.

Danjuma:
To in duk da haka ta bushe a hanya fa? Ana cewa a jefa yankan tuffa ko ɓawon lemo.

Garba:
Kada ka kuskura. Tuffa, ɓawon lemo, yankan dankali, ɓallin burodi, duk suna shigo da sukari da ƙwayoyin fumfuna, kuma suna jiƙa wurin da suka taɓa fiye da kima. A kwalba mai ɗumi kwana biyu zuwa uku ya isa a ga fari-fari.

Ruwan da ake buƙata kaɗan ne ƙwarai. Taba giram 50 da ta sauka zuwa danshi kashi 10, busasshen ganyenta giram 45 ne. Don a kai ta kashi 15 sai nauyinta ya zama kusan giram 53. Mililita 3 ke nan, bai cika ƙaramin cokalin shayi ba. Wanda ya yayyafa da hannu ya riga ya ninka haka.

Hanyar da ta fi tsabta a masauki: a baza tabar a kwano, a jiƙa tishu mai kauri ko ƙaramin tawul, a matse shi har ya daina ɗiga, a shimfiɗa a bakin kwanon ba tare da ya taɓa tabar ba, a kife faranti a sama. Duk awa ɗaya a buɗe a juya a hankali a gwada da yatsa. Siririn yanka awa biyu zuwa huɗu, mai falle yakan kwana. Busasshiyar taba ba a juya ta da ƙarfi a farko, karyewa take yi. Akwai kuma ɗan faifan yumɓu da ake jiƙawa minti 10 zuwa 15, a goge bayansa, a sa a jaka. Yana aiki, sai dai shi bayarwa kawai ya sani, ba ya sha, don haka ya kwana ɗaya a cire.

Ruwan ya zama tatacce, wato wanda aka tara daga tururi, in babu a tafasa a bari ya huce. A kiyayi wanda ake sayarwa don batirin mota, wani akwai asid a ciki.

Baba Audu:
In cikawa ɗaya ce kawai ta bushe, ba sai an nemi kwano ba. A cika lofe sako-sako, a rufe kansa da tafin hannu a bar ɗan wuri, a hura numfashi a hankali cikin kan sau biyar ko shida. Laimar numfashi ta isa ta saukar da kaifin.

Maganar fumfuna kuma, a san bambancinta da ƙyalƙyalin da kan fito a tsohuwar Bajiniya mai falle. Wannan ƙananan ƙwayoyi ne masu walƙiya in an haska su, a kwance a jikin fallen, ƙanshin tabar bai sauya ba. Fumfuna kuwa gashi-gashi ce kamar auduga, fara ko kore ko toka-toka, tana taruwa wuri-wuri tana yaɗuwa, da warin ruɓaɓɓen ɗaki. In an ga haka a zubar da abin da ke mazubin duka. Cire inda ta fito ba ya wadatarwa, saiwarta ta riga ta shiga ciki, kuma ba abin da za a kai wa huhu ba ne. Kwalbar a wanke da ruwan zafi da sabulu marar ƙanshi, faifan murfin a sauya sabo.

Lawal:
Ƙari kan jakar fata, tunda ita ce ta aljihu. Fata tsirara tana shan danshin taba ta ba ta warin jima. A nemi mai shafin roba a ciki, irin wadda ake naɗewa, don naɗin kansa ne ke toshe baki. A buɗe shafin a duba lungunan, in roba ta fara tsagewa ko manne wa yatsa, ta gama aiki. Kuma jaka ɗaya taba ɗaya. Latakiya da hayaƙin itace ake busar da ita, warinta yana kama roba ya zauna, duk Bajiniyar da ta shiga bayanta ta ɗauka. Danjuma, tunda kala biyu ne, jaka biyu za ka nema, ko Bajiniyar ta zauna a ƙaramin gwangwanin aljihu mai zoben roba, wanda ma ya fi kare fallen daga karyewa.

Lofen da aka sha ba ya kwana a aljihu ɗaya da taba, warin toka yana shiga. Haka sabulu, turare da man shafawa, su can wani ɓangaren akwati. A masaukin da ke da ƙananan yara kuwa a ɗaga ta sama, ganyen taba guba ne ga yaron da ya haɗiye shi.

Injiniya Sani:
Sai maganar kan iyaka, wadda ke iya rusa duk tsarin ƙananan jakunkuna. Busasshen ganye a jakar azurfa marar tambari yana jawo tambayoyi, ana iya yage su duka a bincika. Mai ƙetare ƙasa ya fi kyau ya tafi da gwangwanin kamfani a rufe da takardarsa, ya ɗauki jakunkunan Mylar babu komai a ciki, ya raba bayan ya sauka. Ba tare da dutsen guga ba ma zif ɗin zai riƙe kwana goma.

Yawan da ake bari ba haraji ya bambanta sosai. Mai shiga Tarayyar Turai ta jirgin sama daga wajenta giram 250 ne, Burtaniya ma 250, Kanada 200, Ostireliya giram 25 kacal, Singafo kuwa babu rangwame ko na giram ɗaya, sai an bayyana an biya. Dokokin suna sauyawa, a duba na kwastan ɗin ƙasar kafin a ɗaure kaya. Wuƙar yanka dunƙule da abin danna taba mai tsini su shiga babban akwati. Laita ɗaya ta yau da kullum galibi ana barin ta a jikin mutum, amma mai feshin wuta da gwangwanin gas ko man ƙari ba sa hawa jirgi ko a wane akwati.

Danjuma:
Allah Ya saka da alheri. Saura ɗaya: ragowar da aka dawo da ita, a mayar cikin babbar kwalbar gida?

Malam Iro:
A'a, ba nan take ba. Tabar da ta sha zafi da sanyi a hanya tana iya ɗauke da fumfunar da ba ta fito ba tukuna, in aka haɗa ta da ta gida duka za su tafi. A sa ta a ƙaramar kwalba ita kaɗai, a rubuta kwanan wata, a duba bayan sati ɗaya da haske. In tana da tsabta ita za a fara shanyewa. Jakar aljihu kuma a juye ta, a kakkaɓe lungunan, a goge shafin da tsumma mai ɗan danshi, a bar ta a buɗe ta bushe sarai kafin a naɗe.